Sirrin Masu Saurarona

A Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, mai tafiya ba ya barin makullin ɗakinsa sai a hannun wanda ya san asalinsa. Manhajar adana kalmomin sirri da ake liƙa wa Chrome kuwa, tun ranar farko take neman izinin karantawa da sauya bayanai a duk shafin da ka buɗe. Tana da hujja: sai ta ga gurbin kalmar sirri kafin ta cike maka shi. Amma idon da ya ga gurbin ya ga sauran shafin.

A akwatin saƙonnin shirina akwai matan da suka rubuto damuwar aurensu, suka roƙe ni kada in ambaci sunansu a rediyo. Amana ce suka ba ni.

A 2022 ɓarayin intanet sun kwashe kwafin rumbunan masu amfani da LastPass. Kalmomin sirrin suna kulle, amma adireshin shafukan da mutane suka adana a fili yake.

Har yanzu ina amfani da irin wannan manhaja, sai dai na taƙaita izininta zuwa lokacin da na danna ta. Saƙonnin masu sauraro kuma, a wata burauza daban nake buɗe su.