Sankarar Bakin Mahaifa: Nasiha ga Magidanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 

Cikin tambayoyin da magidanta ke kawowa zauren mahaifina, akwai wadda ba a yin ta sai jama'a sun watse: "Malam, likita ya ce a yi wa iyalina aiki saboda sankarar bakin mahaifa. Shin ya halatta in sa hannu?" Abin da na lura shi ne, ba rashin sanin hukunci ke kawo mai tambayar ba, tsoro ne. Da ya ji an ce tiyata, sai ya ɗauka haihuwa ta ƙare ke nan. Daga nan sai a koma gida, a shiga jiƙe-jiƙe, watanni su wuce.

Alhali kuwa idan an gano cutar tana sabuwa, aikin ba iri ɗaya ba ne. In ba ta wuce abin da madubin likita kaɗai ke gani ba, akan yanke ɗan yanki mai siffar mazurari daga bakin mahaifar, a bar sauran. In ƙarin bai wuce santimita 2 ba, matar kuma tana son haihuwa, akan iya cire bakin mahaifar a bar mahaifar kanta. Wani likitan Faransa mai suna Daniel Dargent ne ya shahara da wannan aiki. Mace na iya ɗaukar ciki bayansa, sai dai haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini yana ƙaruwa, kuma ta tiyata za ta haihu. Sai cire mahaifar, ko dai ita kaɗai, ko tare da naman da ke kewaye da ita da kaluluwar ƙugu. Binciken da likitocin Kanada suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna cewa ga ƙaramin ƙari mai ƙarancin haɗari, cire mahaifar kaɗai ya wadatar, kuma matsalar fitsari ta fi sauƙi bayansa. Amma in cutar ta bazu, an wuce batun wuƙa, sai gashi da haske da ƙarin ruwan magani, haihuwar da ake tsoron rasawa kuma ta tafi. Ashe jinkirin da ake yi don ceton mahaifa shi ke jawo asararta.

Na ga wannan a danginmu. Wata innata ta yi kusan shekara tana ganin jini bayan ta daina haila. Ta tambayi hukuncin sallarta, aka ce jinin istihala ne, ta yi alwala ta yi salla. Fatawar daidai ce, amma ba wanda ya ƙara da cewa ta je asibiti. Ran da ta je, lokacin aiki ya wuce. Allah Ya jiƙanta. Saboda haka nake roƙon malamanmu da malamai mata na islamiyya: duk wadda ta kawo tambayar jini bayan saduwa, ko tsakanin haila da haila, ko bayan daina haila, a ba ta hukunci, a kuma tura ta awo.

Malaman usulu sun jera kiyaye rai gaba da kiyaye zuri'a, sun kuma halatta wa likita namiji duba mace idan lalura ta kama kuma babu likita mace. Sannan jikin nata ne, ran nata ne. Aikin maigida shi ne ya raka ta, ya tambayi likita matakin cutar da irin aikin da ya dace, ya nemo kuɗi, ya kwantar mata da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2020, tana son mata su yi awo kafin su cika shekara 35, su sake kafin 45, a kuma yi wa ƴan mata rigakafin ƙwayar HPV da ke haddasa cutar.

Matar da aka cire wa mahaifa tana nan uwar ƴaƴanta, tana nan matar mijinta, darajarta ba ta ragu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu riƙe amanar iyalanmu. Wassalamu alaikum.