Leuven: Garin da Ake Jinyar Uwa Ba a Taɓa Ɗan Cikinta Ba

Daga Brussels zuwa Leuven tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta kai rabin sa'a ba. Garin ɗalibai ne. Jami'arsa ta kafu tun 1425, kuma duk inda ka waiga kekuna ne birjik. Baƙi sukan tsaya kallon tsohon zauren majalisar gari da ɗaruruwan gumakan da aka jera a jikinsa. Ni kuwa Gasthuisberg ta kai ni, asibitin jami'ar da ke kan tudu a gefen gari, mai girman da sai da aka raba hanyoyin cikinsa launi-launi don kada baƙo ya ɓata.

A nan Farfesa Frédéric Amant ya ɗauki wata tambaya da likitoci suka daɗe suna kauce mata: me za a yi wa mace mai juna biyu idan aka gano tana da sankara? Abin kan faru a kusan ciki ɗaya cikin dubu. A da, amsar ba ta wuce a zubar da cikin, ko a jinkirta magani, ko a ciro jaririn tun bai ƙosa ba. Amant da abokan aikinsa suka bi yaran da aka haifa bayan iyayensu mata sun yi fama da cutar suna ɗauke da su. A 2015 suka fitar da sakamakon yara 129 daga Beljiyam da Holan da Italiya da Jamhuriyar Cek, akasarinsu kemo, wato maganin sankara, ya same su tun suna ciki. Kaifin basirarsu da lafiyar zuciyarsu ba su bambanta da na sauran yara ba. Abin da ya fi yi wa ƙwaƙwalwa illa shi ne haihuwar bakwaini. Wannan ya girgiza ni ƙwarai, domin hanyar da aka ɗauka ta kāriya ita ce ta fi cutarwa.

A cikin sankarorin da kan iya samun mai ciki, sankarar fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi tana samar da insulin, ita ce gagarabadau. Da wuya ta kama mai ciki, amma in ta kama, sai ta fake a bayan laulayi. Amai, ciwon baya, rashin cin abinci: wace mai ciki ce ba ta san su ba? Sau da yawa sai shawara ta bayyana, idanu sun yi ɗorawa, jiki na ƙaiƙayi, sannan hankali ya tashi. Daga nan komai lissafin makonni ne. Ana duba ciki da sikanin da na'urar MRI, ba tare da allurar gadoliniyam ba. Ba a ba da kemo a watanni ukun farko, lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, kuma ana tsayar da shi kimanin mako uku kafin haihuwa don jinin uwa da na ɗa ya farfaɗo. In ƙarin na ciruwa ne, tsakiyar ciki ta fi dacewa da tiyatar Whipple, wadda ake yanke kan fankiriyas da madaciya da farkon hanji, a sake ɗinke hanyoyin.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman shawara. Likitan sankara da na haihuwa da na tiyata da na jarirai duk a teburi guda, takardar mace ɗaya a gabansu, kowa na faɗin makon da zai iya aikinsa ba tare da ya ɓata na ɗan'uwansa ba. Sannan a zauna da ita da mijinta, a gaya musu gaskiya, har da mai ɗaci, don cuta irin sankarar fankiriyas ba ta cika barin mutum ba.

Tunda babu asibitin da zai ga irin waɗannan mata da yawa, sai Amant da abokan aikinsa suka kafa INCIP, rajistar da likitocin ƙasashe daban-daban ke zuba bayanan majinyatansu. Yaran da matan suka haifa kuwa ana kiran su gwaji lokaci-lokaci har su cika shekara 18.