Sharon ɗin Babanmu: da rana motar haya, da dare ɗakin kwana

1/ Tunda na saka hoton cikin motar nan ake ta turo min saƙo, wasu na cewa gida na saya mai taya, wasu na cewa rayuwar Turawa nake kwaikwayo. To ga yadda abin yake. Zaren yana da ɗan tsayi, ku gyara zama.

2/ Motar Volkswagen Sharan ce, wadda kowa a tasha ke kira Sharon. Ta Babanmu ce. Shekara da shekaru yana lodi da ita daga Yelwa zuwa Kontagora, wani lokaci Koko. Da ita aka biya kuɗin makarantarmu, da ita aka aurar da yayyena mata biyu.

3/ Da idon Baba ya fara rauni ya ajiye tuƙi. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 haya ta zama sai a hankali. Aka yi zaman gida, Kawu ya ce a sayar a sa kuɗin a wata sana'a. Baba bai ce uffan ba, amma na ga fuskarsa.

4/ Ni kuma ina shekarar ƙarshe a jami'a, furojet ɗina a kan masu bandar kifi ne a bakin tafkin Kainji. Dole in zagaya ƙauyukan Ngaski, in leƙa na Shanga a gefen kogin Kwara. Kifi da asuba ake fito da shi. Wanda ya kwana Yelwa ya taso da hantsi, tatsuniya zai tarar.

5/ Sai na ce da Baba: "Baba, a ba ni wata shida. In motar ba ta ciyar da kanta ta kawo na cefane ba, ni da kaina zan kai ta wajen dillalai." Ya ce: "Sharaɗi ɗaya. Kada ka huda ta, kada ka yanka ta." Wannan sharaɗin shi ya tsara komai da na yi.

6/ Daɗin Sharon irin ta da, kujerun baya ɗaiɗai suke, kowacce ana ɓalle ta a fitar, a mayar in an so. Ranar lodi kujeru na ciki. Ranar tafiya in fitar da su in jingine a zaure. Ba walda, ba guduma.

7/ Gadon: kafinta ya yi min akwatuna uku na katako, tsayinsu ɗaya, kowanne da murfi. In an jera su sun zama gado, in an buɗe sun zama ma'aji. Katifa muka yanka gida uku aka ɗinka mata riga. Ɗaya na kaya da littattafai, ɗaya na abinci, ɗaya na sifana da jak.

8/ Akwatunan ana ɗaure su da igiyar lodi a ƙarafunan da kujeru ke kamawa a ƙasa. Wannan ba ado ba ne. Ka taka birki da ƙarfi a ramin hanya, akwatin da ba a ɗaure ba zai same ka a ƙeya. Kaya masu nauyi, irin jarkar ruwa, ƙasa kuma tsakiya.

9/ Wuta: ƙaramin faifan sola da batir na daban. Ban haɗa shi da batirin mota ba, don in fanka ta kwana tana juyawa ta shanye shi, gari ya waye ba mai tura ka sai jaki. Yana ɗaukar fanka, ƙwan fitila ɗaya, cajin waya da kwamfuta. Iyakarsa ke nan.

10/ Sauro kuwa, wanda bai kwana bakin tafki ba bai san sauro ba. Tela ya ɗinka min raga mai shiga saman ƙofa kamar rigar filo, sai in sauke gilashi iska ta shigo. A ciki kuma gidan sauro mai magani. A watan Maris da Afrilu, in ka rufe gilashi ruf, kai ne kifin bandar.

11/ Wannan ku riƙe shi ko kun manta sauran: ba a girki a cikin mota, ba a shigar da garwashi don jin ɗumi lokacin hunturu, ba a kwana inji na aiki. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai mutum zai yi ya zarce. Tukunyar gas a waje, kullum.

12/ Yanzu ga inda bidiyon YouTube suka bar ni a hanya. Mutumin Amurka yana gyara motarsa ne don ya gudu daga mutane, ya faka a jeji shi kaɗai ya kalli taurari. Mu nan wa zai faka a jeji? Ba mu manta 17 ga Yunin 2021 ba, ranar da aka kwashi ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri.

13/ Don haka dokata: la'asar ta same ni a cikin gari, ba na tuƙin dare, kuma ba na kashe inji sai na gaida mai gari ko sarkin ruwa na faɗi sunan mahaifina da abin da ya kawo ni. Inda ya nuna, nan zan faka. Inna kuma sai ta ji muryata kafin ta kwanta.

14/ Sai dai nan ma akwai rigima. A wani ƙauye kusa da Wara, mai gari ya ji zan kwana a mota, ransa ya ɓaci. Ya ce: "Yaro, gidana ne bai yi maka ba? Gobe a ce baƙo ya zo garina ya kwana a ƙarfe?" Na ce: "Ranka ya daɗe, ba raini ba ne, takarduna da kwamfuta na ciki."

15/ Muka daidaita: tuwo a gidansa, sallah a masallacinsu, hira a zaurensa, kwana a mota amma a ƙofar gidan. Kafin asuba matarsa ta aiko da kunu. A ƙasar da ake cewa baƙonka Annabinka, gado kawai za ka iya kawowa da kanka. Sauran na masu gari ne.

16/ Wani dattijo Basarke ya leƙa motar ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai mene ne sabo a nan? Su Sarkawa tun kaka da kakanni sukan bi kifi makonni, rumfa a kan jirgi, tabarma, murhu, taru. Ya ce bambancinmu shi ba ya sayen fetur in yana da filafili.

17/ A bakin irinsu na ji labarin tafkin yadda littafi bai ba ni ba. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da yawa, aka tashi dubban mutane, ciki har da Gungawa da Kambari, aka gina musu sabbin ƙauyuka. Har yau dattijo zai nuna maka tsakiyar ruwa ya ce can aka haife shi.

18/ A Wara kuma ba a gama jimamin jirgin da ya nutse a watan Mayun 2021 ba, wanda ya taso daga jihar Neja maƙare da mutane. Tun da na zauna da waɗanda suka yi aikin tsamo gawa, lodin wuce kima ya fita raina, a ruwa ko a tudu. Ranar haya kujera ɗaya mutum ɗaya. A tasha suna ce min ɗan boko. Na karɓa.

19/ Lissafi fa? Kwana huɗu haya, kwana biyu zuwa uku bakin ruwa. In zan dawo, akwatunan na zama mazaunin kwandunan banda, tarwaɗa da karfasa, 'yan kasuwa su biya kuɗin dako. Shi ke mayar da kuɗin mai. Warin kuwa, sai an wanke da omo an bar ƙofofi a buɗe wuni guda. Fasinja ba ya yafe ƙarni.

20/ Wata shida sun cika. Ban yi arziki ba, amma kuɗin cefane bai yanke ba, an canza tayoyi biyu, furojet ya kai babi na huɗu. Kawu bai sake tayar da maganar dillalai ba. In na koma makaranta ɗansa ne ke lodi da ita, akwatunan na zaure suna jira na.

21/ Mai son gwadawa: fara da abin da za ka iya cirewa cikin minti ashirin. Gyara birki da taya kafin ka sayi labule. Takardun mota su cika. Kuma ka san mutum a garin da za ka, ko ka san yadda ake gaisuwa.

22/ Bikin Rigata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faka kusa da inda ake tseren kwalekwale. Masauki kan yi wuya a Yelwa a ranakun. Gadon mutum ɗaya ne, amma shayi na kowa ne. Masu Sienna da Hijet, ku faɗa min yadda kujerunku ke fita, in ga ko akwatunan za su shiga.