Kaka a gindin Dutsen Fuji: tanti, romo da maganinku

Idan Allah Ya kai ku Japan tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba, kada hutunku ya ƙare a Tokyo. Ku yi hayar mota ku nufi lardin Yamanashi, tafiyar awa biyu, ku tuna a gefen hagu ake tuƙi. A can za ku tarar da tafkuna biyar a gindin Dutsen Fuji mai tsayin mita 3,776, ganyen itatuwa ya rine ja da rawaya. A bakin tafkin Motosu akwai filayen da iyali ke biyan kuɗi su kafa tanti.

Da dare sanyi yakan sauka kusa da digiri 0, amma duk tsananinsa kada ku shiga da kaskon gawayi cikin tanti. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, mutum ya wuce cikin barci. Ku ninka bargo da safa.

A hanya akwai zangon matafiya da suke kira michi-no-eki, sun haura 1,000 a faɗin ƙasar, inda manoma ke kawo sabuwar shinkafa da gasasshen dankalin Hausa mai zaƙi. Abincin Yamanashi kuwa shi ne hoto, taliya mai faɗi da ake dafawa da kabewa cikin romon miso. Kafin ku sa cokali ku tambaya, domin wasu na zuba naman alade, kuma ana yawan girki da mirin, wanda giyar shinkafa ce.

Mai hawan jini ya ci taliyar ya bar romon, saboda miso gishiri ne da shi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙasa da giram 5 a rana, alhali Japanawa na cin kusan ninki biyu. Akwai kuma natto, ruɓaɓɓen waken soya mai yauƙi, ɗan uwan daddawarmu. Mai shan warfarin ya nisance shi, domin bitamin K ɗin cikinsa yana karya ƙarfin maganin, jini ya daskare.

Tun daga gida ku tace jakar magani. Maganin mura mai pseudoephedrine fiye da kashi 10 cikin 100 ba ya shiga ƙasar haka nan. Maganin da likita ya rubuta, idan ya wuce na wata 1, sai da takardar izini daga ma'aikatar lafiyarsu, wadda ake nema kafin tafiya. Ku bar kowanne cikin kwalinsa tare da takardar likita, ku nuna wa mai haɗa magani kafin ranar tashi.

Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da ku lafiya.