Daga PZ Zuwa Samaru Da Kwamfuta A Buhu

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma da yawa a ajinmu ba su taɓa riƙe linzaminta ba. Shi ya sa muka yi karo-karo, muka hau Keke Napep daga Samaru zuwa PZ a Sabon Gari, inda shagunan waya da kwamfuta suke jere.

A can muka sayi kayan gwanjo ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gyara ya ja mana kunne: "Yara, kada ku biya kuɗin faifan ajiya sai an jona shi a gabanku. Tsohon faifai yakan mutu da duk abin da ke cikinsa."

A Unguwar Gabas muka zauna haɗawa. Faifan SATA waya biyu yake buƙata: siririya mai haƙora 7 da ke kai bayanai, da mai faɗi mai haƙora 15 ta wuta. Ba a taɓa su sai an zare fulogi. Daga nan muka shiga BIOS, muka umarci na'urar ta tashi daga filashi, muka ɗora mata Ubuntu, wadda kyauta ce. Tushenta Linux ne, aikin da ɗalibi Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991.

Yanzu bi da bi muke koyon bugu da amsa tambayoyi. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana nan Samaru, kuma can muka nufa.