Giɓi Ba Wushirya Ba Ne

Da asubar wata Talata cikin hunturu na fito daga gidanmu a Nyanshegu a kan babur, ina saurin kai wa shirin safe, sai akuya ta gilma. Da na tashi daga ƙasa, haƙorina ɗaya na gaba yana cikin ƙura, na kusa da shi kuma ya karye rabi. Na ɗauki wanda ya fita, na dube shi, na yar. Daga baya likita ya gaya mini da na tsoma shi cikin madara na iso asibiti kafin awa guda, da wataƙila an mayar da shi gurbinsa ya kama. Har yau abin yana cina.

Ni ma'aikaciyar rediyo ce, da bakina nake cin abinci. Ban san haƙoran gaba ne ke tare iska su gyara mini "s" da "z" da "ts" ba sai ranar da na koma gaban makirfo. Na ce "tsakar rana", sai ga fito ya biyo baya. Wani dattijo ya bugo waya yana tambaya ko na'urarmu ce ta lalace. Sai aka ɗauke ni daga karanta labarai, aka ce "zuwa wani lokaci". Mai aikin rediyo ya san abin da wannan ke nufi.

Shawara kuwa na sha ta. Mma ta daka kanumfari ta ce in danna a wurin, ya kwantar da zogin na dare ɗaya. Ƙawata ta ce in je a cire guntun kawai in huta, tunda katin inshorar lafiya ta ƙasa yana biyan cire haƙori da ƙaramin ciko, amma ba ya biyan haƙorin roba. Kawuna ya yi dariya ya ce in jira in je Hajji in dawo da haƙorin Makka.

Da na je wurin likitan haƙori, na ce masa sati ɗaya gare ni. Ya ɗauki hoton bakin, ya ɗaga shi a haske, ya ce, "Hajiya, wannan aikin wata uku ne, kuma da jerinsa." Ya rubuta mini jerin a takarda. Da farko za a wanke haƙoran a kankare dattin da ya daskare, domin dasashina yana jini, kuma ba a ɗora aiki a kan dasashi mai ciwo. Sannan a ceci wanda ya karye: karayar ta kai ga jijiya, shi ya sa iskar hunturu ke soka ta kamar allura. Za a huda, a fitar da jijiyar, a wanke ramin, a sa magani da ciko na wucin gadi, in koma bayan sati biyu a toshe shi gaba ɗaya. Bayan haka a feƙe shi, a ɗauki awonsa, a aika a ƙera masa hula. Giɓin shi ne na ƙarshe, domin dasashi yana motsewa yayin da yake warkewa, abin da aka auna yau ba zai zauna daidai ba bayan wata biyu.

Na ji haushinsa ranar. A aikinmu komai na minti ne, labarin da ya kwana ya zama tsohon tuwo. Ga kuɗi kuma: kowane zuwa da nasa sidi, har sai da na sayar da atamfofi biyu na karɓi adashina kafin lokaci. Sau biyu na kusa cewa a cire a wuce wurin.

Abin da ya tsayar da ni maganarsa ce a zuwa na uku. Ya ce cirewa minti goma ce, amma babba ba ya sake fitar da haƙori, kuma idan gurbi ya daɗe a buɗe maƙwabtansa sukan karkato ciki. Na tuna Mma, wadda aka cire wa turame huɗu ɗaya bayan ɗaya saboda shi ne mai araha, yanzu naman Sallah sai dai ta tsotsa.

A watannin jiran, da ɗan haƙorin roba na wucin gadi a bakina, nakan rufe ɗaki in karanta tsofaffin labarai da ƙarfi, ina ɗauka a waya ina saurare, har harshena ya koyi sabon wurin zamansa. Ranar da aka kafa na dindindin, kalmar da na fara gwadawa a kan kujerar likita ita ce "tsintsiya". Ta fita tsaf.

An mayar da ni labaran ƙarfe shida. A satin farko na roƙi minti biyar a ƙarshen shiri, na gaya wa masu babur na Tamale, maza da mata, zancen madarar nan da ban sani ba. Dattijon nan ya sake bugowa, ya ce, "'Yata, Allah ya yi muku albarka, kun gyara na'urar."