Liyafar Hutun Hunturu: Abincin da Muka Tsara Don Kowa Ya Ci

Da zarar Disamba ya kama a Katsina, ba sai an gaya wa ɗalibi ba. Hazo yakan rufe gari har Hasumiyar Gobarau ta yi dishi-dishi daga nesa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, alwalar asuba ta zama wata jarrabawa mai zaman kanta. A wannan lokaci ne ake gama zangon farko, kowa ya fara ɗokin hutu. Mu 'yan ajin ƙarshe kuwa, wannan ne hunturunmu na ƙarshe tare. Kafin wani ya zagayo mun rubuta WAEC da NECO, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa muka ce ba za mu watse ba sai mun haɗu mun ci abinci wuri ɗaya.

Mu 48 ne a ajin, kuma kowa da abin da ransa ke so. Wasu suka ce shawarma da askirim, irin waɗanda suke gani a TikTok. Wasu suka ce in ba tuwo da miyar kuka, su ba su ci abinci ba. Don kada zaman ya zama taron tsintsiya ba shara, monitanmu ya tashi ya rubuta tambayoyi uku a allo: Me ke da sauƙi a kasuwa yanzu? Me zai daɗe da zafinsa? Wane ne zai zo ya koma bai ci komai ba?

Tambaya ta farko kasuwa ce ta amsa mana ita. Hunturu bayan kaka yake zuwa, don haka akwai sabon gero, sabon wake, sabuwar gyaɗa, ga zoɓo an ɓare shi kwanan nan. Masu noman rani na wajen Ajiwa da Jibiya sun fara shigo da tumatir, tattasai, karas, kabeji da latas. Mutum huɗu muka tura Babbar Kasuwa da littafi da biro, suka dawo mana da farashin komai. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne nama. In aka ce kowa sai ya samu cinyar kaza, kuɗin duka ya tafi can. Sai muka koma ga farfesun kayan ciki, a yanka ƙanana, romo ya wadata, a haɗa da soyayyar awara. Ba wanda ya yi ƙorafi, domin a cikin sanyi romo mai zafi ya fi tsokar da ta sandare a faranti.

Tambaya ta biyu ita ta kori askirim da lemon ƙanƙara. Muka zaɓi dafa-dukan shinkafa da wake, tunda takan riƙe zafi a cikin kula, a zuba mata kabeji da karas a gefe. Sai masa da miyar kabewa da alayyahu. Masa ba ta son jira, in ta huce ta rage daɗi, don haka mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ta yarda ta zo da tandarta ta soya a harabar makaranta. Ita ce ta koya mana cewa ƙullu ba ya tashi da wuri a lokacin sanyi, sai an kwaɓa tun jiya an rufe shi a wuri mai ɗumi. Abin sha kuma kunun gyaɗa, shayi mai citta da kanumfari, da zoɓo ba ƙanƙara.

Tambaya ta uku ta fi ɗaukar mana lokaci. A ajinmu akwai masu ciwon sikila guda biyu, kuma malamar kimiyyar halittu ta tuna mana cewa sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar musu da ciwo. Saboda su muka bar maganar yin taro da yamma a fili, muka sa shi bayan azahar a cikin ɗakin taro, muka tanadi ruwan sha isasshe. Akwai masu gyambon ciki, sai muka ce a dafa komai ba yaji, a ajiye yajin a gefe, mai so ya barbaɗa. Akwai wadda jikinta ke yin ƙuraje in ta ci gyaɗa. Dominta aka dama kunun tsamiya daban, aka yi suya da man waken suya, aka kuma bar gyaɗa daga cikin miya. Abokanmu Kirista za su yi tafiyar Kirsimeti da zarar an ba da hutu, don haka muka sa ranar kafin su tafi, su kuma suka ɗauki nauyin cincin.

Sai batun kuɗi. Kowa ya san a aji ɗaya akwai wanda ake kawowa a mota, akwai wanda ke takowa daga bayan Ƙofar Guga ba ko kuɗin tara. Da mun yanka wa kowa adadi ɗaya, wasu za su ce ba su da lafiya ranar, alhali kunya ce ta hana su zuwa. Sai muka ajiye asusu a ofishin malamin aji, kowa ya jefa abin da ya samu, ba a rubuta suna. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo abin da ke gida. Wani ya zo da tiyar gero daga ƙauyensu, wani da itace, wata da tsamiya, wasu suka ce wanke-wanke nasu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wajen awo, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duk da haka mun ƙirga: mu 48, malamai, maigadi da masu shara, muka yi lissafin mutum 60. Muka naɗa masu rabo, babu ƙari sai kowa ya samu. Abin da ya rage aka miƙa wa almajiran da ke bakin ƙofa tun yana da ɗumi, domin dafaffiyar shinkafa in ta kwana a waje tana iya ɓata ciki.

Ku 'yan uwa da ke shirin irin wannan a makarantunku, ku fara tun saura mako biyu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ku je kasuwa ku tambayi farashi kafin ku yanke shawara. Kafin kuma ku tambayi masu surutun aji abin da suke so, ku fara zuwa wajen wanda ya yi shiru a kujerar baya, ku ji me zai iya ci.